Abin da Sanarwar Ba Ta Faɗa Ba

Shugabar ƙungiya ta ce layi biyar, kada ya wuce,
in rubuta cigiyar wanda zai gaje ni ƙarshen Mayu.
Na zauna a ɗakin ƙasa na cocin da muke haya,
ruwan Greensboro na dukan 'yar tagar da ke daidai da takalman masu wucewa.

Ana neman mai tsara shirin yara bayan tashi daga makaranta.
Awa ashirin da takwas a mako.
Dala goma sha bakwai kowace awa.
Digiri, ko gogewar da ta kai shi.
Lasin tuƙi marar tabo.

Na karanta. Babu ƙarya a ciki,
sai dai gaskiya ce mai gajeren zane.

Ba ta ce awa biyun da aka ƙwange
su ne suka hana ni inshorar asibiti shekara tara ba.
Ba ta ce makullin ƙofar baya sai an ɗaga shi, an lallashe shi,
kafin ya yarda ya juya ba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo:
kusurwar littattafai, ranar da aka yi ruwa da iska,
bokitin yana bayan firji.

Ƙarfe uku saura kwata motar rawaya kan zubo su,
talatin da ɗaya, kowa da yunwarsa.
Deshawn zai ce ya ƙoshi,
ya sa biskit biyu a safa saboda ƙanwarsa.
Wanda zai zo, ka kau da kai. Ka ƙara na uku a gefen tebur.
Marisol ba ta amsa tambaya sai ta ga hannunka na wani aiki,
sai ka riƙa fere fensir, ko da ferarre ne.
Zakari kuwa, ɗan mutanen Maraɗi,
Turanci a baki kamar ruwan famfo,
amma ranar da hancinsa ya fashe a filin ƙwallo
"wayyo Inna" ya ce,
kuma duk ginin ni kaɗai na san wa yake kira.

Shida ake rufewa, in ji takarda.
Uwar Zakari takan fito daga kamfanin kaji bakwai saura,
yatsunta fari fat saboda sanyi,
tana ba ni haƙuri tun daga bakin mota.
Wannan awar ba a rubuta ta a kowace takarda ba.
Nawa ɗan, Ilu, a wannan awar ya koyi ɗumama miya shi kaɗai,
ya koyi barci ba tare da an ce ya kwanta ba.
Bana ya fi ni tsawo. Ban ga lokacin da ya wuce ni ba.

Kuɗin tallafi zai ƙare Yunin baɗi.
Aka ce kada in sa wannan, zai kori mutane.
To, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi,
duk wanda ya zo ganawa zan faɗa masa a kan matakala.

Na buga, na manna a allo kusa da jadawalin shara.
Marisol ta tsaya gabanta, jaka a kafaɗa ɗaya,
ta daɗe tana bin layukan da yatsa.
Ban kalle ta ba. Na ɗauki fensir, na hau fira.
Ta ce, "Malama Tabawa, an yi kuskure.
Ba a rubuta sai wanda ya san sunayenmu ba."

Na miƙa mata fensir ɗin.
Layi shida ke nan. Shugaba ta yi haƙuri.